Zango Babu Maigida: Ma'aikaciyar Jinya da Zaɓen Masauki a Ingila

A al'adar Bahaushe, neman masauki nauyin miji ne. Shi ke kama haya ko ya yanki ɗaki a gidan gado, ya shafe shi, ya sa ƙyaure, sannan dangin amarya su zo su yi jere, a kawo ta ta tare. Malaman fiƙihu ma sun lissafa masauki cikin haƙƙoƙin da ke wuyan miji, tare da ci da sha da sutura. Sai ga shi a 'yan shekarun nan wata irin tafiya ta ɓullo wadda ta kife wannan tsari. Ma'aikaciyar jinya daga Kano ko Zariya ko Jos ta sami aiki a wani asibiti a Ingila. Da sunanta aka bayar da biza, miji da 'ya'ya a ƙarƙashinta suke shiga ƙasar, ita ce kuma za ta riga kowa sauka ta nemi inda iyali za su sa haƙarƙarinsu. Akwai maza masu aikin jinya da yawa a Arewa, su ma suna tafiya, amma a kan mace ne sauyin ya fi fitowa fili, don haka a kanta za a fi tsayawa.

Tafiyar ba ƙarama ba ce. A watan Fabrairun 2024 Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A wannan watan ne kuma ta fitar da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan kammala karatu kafin a tantance masa takardunsa domin fita waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. A rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, in aka cire Indiya da Filifin, babu ƙasar waje da ta kai Nijeriya yawan mutane. Hanyar tsohuwa ce, domin Kofoworola Abeni Pratt ta gama koyon jinya a asibitin St Thomas na Landan tun 1950, shekara biyu bayan kafa hukumar lafiya ta NHS. Amma abin da ya mayar da ita babban titi shi ne bizar ma'aikatan lafiya da aka fara bayarwa a Agustan 2020, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta rage masu zuwa daga can. Mafi yawan matafiyan 'yan Kudu ne, sai dai akwai masu jin Hausa a cikinsu, Musulmi da Kirista.

Ana yawan magana a kan jarrabawar Ingilishi da ta aikin jinya, da kuɗin jirgi, da asarar da asibitocin gida ke yi. Batun inda za a zauna kuwa akan bar shi sai an sauka, kamar ƙaramin abu ne da za a warware da buga waya sau ɗaya. Wannan kuskure ne, kuma tushensa yana cikin yadda aikin yake samuwa. Nijeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, tare da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata a can. Abin da aka yarda da shi shi ne mutum ya nema da kansa. Ma'aikaciyar jinya takan aika takardun neman aiki wurare da yawa, ta yi watanni tana jira, ranar da wani asibiti ya amsa mata kuwa ba ta tsayawa duba taswira. To, bizar a ɗaure take da asibitin da ya ɗauki nauyinta. In tana son sauya wurin aiki, sai ta sami wani asibitin da zai sake ɗaukar nauyinta, a sake neman biza, ga shi kuma yarjejeniyoyi da yawa na ɗauke da sharaɗin mayar da kuɗin da aka kashe wajen kawo ta in ta tafi kafin wa'adi. Ke nan zaɓen gari tun a Kano ake yin sa, ranar da aka sa hannu a takarda. Abin da ya rage bayan sauka zaɓen unguwa ne kawai.

Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne, ma'aunin farko na wannan zaɓe ya zama aikin da kansa, wato nisan gida da asibiti da abin da zai rage a albashi bayan an biya haya. Sunan gari da kusanci da 'yan'uwa su biyo baya. Mai yiwuwa wasu su ga kamar watsi da zumunci ne, amma tarihin Hausawan da suka yi zaman baƙunta a ƙasashen wasu yana goyon bayan wannan ra'ayi.

Manazarta sun san zango fiye da a tsaya yi musu bayaninsa. Abin da akan manta shi ne dalilin da ya sa kowane zango yake inda yake. Kasuwar goro ce ta kai fatake Salaga, da kasuwar ta watse bayan yaƙin basasar 1892 kuwa suka kwashe komatsansu zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa, har da malamai irin su Alhaji Umaru wanda a can Kete-Krachin ya ƙare rayuwarsa a 1934. Sabo ta Ibadan, wadda Abner Cohen ya yi nazarinta a littafinsa na 1969, cinikin shanu da goro ne ya raya ta. Masallaci da makarantar allo da auratayya da Hausar da ake ji a kowane lungu, duk bayan sana'a suka zo, kuma sana'ar ce ta ɗauki nauyinsu. Ginshiƙin zangon kuwa shi ne maigida. Shi ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwon dare, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, in an sayi shanunsa bashi ya tsaya a kan mahauci har ya biya. Ba sadaka yake yi ba, yana da la'adarsa, amma mutuncinsa a ɗaure yake da na baƙonsa. In baƙo ya cutu labari zai kai Arewa, ayarin baɗi ya sauka a gidan wani.

Ma'aikaciyar jinyar da ta sauka a Ingila ba ta da maigida. An raba aikinsa gida uku. Asibiti yakan tarbe ta a filin jirgi ya ba ta ɗaki na 'yan makonni ko watanni kaɗan, a daidai lokacin da hankalinta duk yana kan jarrabawar gwajin aiki ta OSCE, wadda ake so ta zauna cikin mako 12 na fara aiki, kuma kafin ta ci jarrabawar albashin mataimakiyar nas ake biyan ta. Na biyu shi ne dillalin gidaje, wanda mai gidan haya yake yi wa aiki. Zai nemi shaidar izinin zama, da takardun albashi, da tarihin biyan bashi wanda baƙuwar jiya ba ta da shi, sau da yawa kuma da mai lamuni mazaunin ƙasar. Dokar 2019 ta taƙaita kuɗin ajiyar da ake karɓa zuwa hayar mako biyar, amma doka ba ta tilasta wa kowa ya ba baƙuwa gidansa. Na uku shi ne zauren WhatsApp na waɗanda suka riga ta zuwa, inda shawara kyauta ce, kowa kuma yana yabon garin da yake zaune, ko don ya sami abokin zama. A nan ne ake jin labarin waɗanda suka biya kuɗin ɗakin da a hoto kawai suka gan shi. Daga cikin ukun nan babu wanda zai rasa ko kwabo in ta yi zaɓen tumun dare, babu kuma wanda zai tsaya mata lamuni. Lissafin da maigida ke yi wa baƙo a da, yanzu ita za ta yi wa kanta.

Lissafin kuwa da Landan ya kamata ya fara, domin a kunnen Bahaushe Ingila ita ce Landan. Tun 1957 da sashen Hausa na BBC ya fara magana daga can sunan birnin ya shiga kowane zaure, har yau kuma uwar da 'yarta ke aiki a Hull za ta ce wa maƙwabta tana Landan. A shekarar kuɗi ta 2024/25, sabuwar ma'aikaciyar jinya a Ingila tana farawa ne a mataki na biyar, da fam 29,970 a shekara. In aka cire haraji da inshorar ƙasa da fansho, abin da ke shiga hannunta a wata bai cika fam 2,000 ba, sai in ta haɗa da ƙarin aikin dare da na ƙarshen mako. Wannan albashi ɗaya ne a Landan da Hull da Bradford. Bambancin kawai shi ne ƙarin tsadar rayuwa: kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar Landan, 15 a unguwannin kewaye, 5 a garuruwan da ke gefe. Kashi 20 ɗin nan kimanin fam 500 ne a wata, kafin haraji ya ci rabonsa. Ita kuwa haya, ƙididdigar hukuma ta nuna cewa a ƙarshen 2024 matsakaiciyarta a Landan ta haura fam 2,000 a wata, a arewa maso gabashin Ingila kuma ba ta kai fam 800 ba. Ba a zo kan harajin ƙaramar hukuma da kuɗin lantarki da na ɗumama gida ba tukuna, ga shi bizar ta hana ta cin tallafin haya na gwamnati.

Wadda ta nace wa Landan, ɗayan biyu ne. Ko dai ta kama ɗaki ɗaya a gidan da take haɗa madafa da banɗaki da baƙin fuska, maza da mata, wanda ga macen da ta tashi a gidan da baƙo ba ya wuce zaure ba ƙaramin abu ba ne. In miji da yara sun iso kuwa ɗakin ba zai ɗauke su ba. Ko kuma ta yi nisa da birni inda haya ta ɗan sassauta, ta biya bambancin a kan hanya.

Wannan hanyar ita ce masu ba da shawara daga nesa suka fi rainawa, saboda suna auna ta da ma'aunin ma'aikacin ofis. Makon aikin jinya a Ingila sa'a 37 da rabi ne, kuma galibi a yini uku ko huɗu ake tattara shi, kowanne sa'a 12 ko fiye. Ana karɓar aiki da misalin bakwai na safe a tashi wajen takwas na dare, mai aikin kwana kuma ta karɓa daga nan. Asibiti ba ya hutun Lahadi, bas kuwa a garuruwa da yawa ba ya fitowa da wuri ranar Lahadi, ranar Kirsimeti ma kusan babu abin hawa na haya sai tasi, ranar da sau da yawa Musulma ake sa ran za ta riƙe wa abokan aikinta. Lasin tuƙin Nijeriya wata 12 kawai yake aiki a can, bayan haka sai an ci jarrabawar tuƙin ƙasar. Matar da ta yini a tsaye tana juya marasa lafiya, in aka ɗora mata tafiyar sa'a ɗaya da rabi zuwa da sa'a ɗaya da rabi dawowa, barcin da ya rage mata kafin asuba bai isa ta koma tana lissafin allura da ƙwayoyi ba. Kuskure ɗaya a wannan lissafi na iya kai ta gaban hukumar rajista, in rajista ta tafi aiki ya tafi, in aiki ya tafi bizar gidan gaba ɗaya ta bi shi.

Masu cewa a bi inda jama'a suke suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Asibitocin da suka fi saurin amsa takarda sau da yawa su ne waɗanda 'yan ƙasa ba sa rububin zuwa, a ƙananan garuruwan bakin teku da tsofaffin garuruwan ma'adinai da masana'antunsu suka mutu. Haya a can da sauƙi, amma arha ba ta ado. Ana iya rasa mahaucin halal, masallacin Juma'a sai an hau jirgin ƙasa, a watan Disamba kuma rana na faɗuwa kafin huɗu na yamma, mutum ya fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu, ya yi mako bai ji wanda ya ce masa sannu da aiki ba. In haihuwa ta zo babu mai dafa ruwan jego, in rasuwa ce sai an nemo masu wanka da maƙabarta daga wani gari. Sannan ga abin da ya faru a ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024, bayan kisan yara mata uku a Southport, lokacin da aka baza ƙaryar cewa wani Musulmi mai neman mafaka ne ya yi kisan. An far wa masallacin garin, tarzoma ta bazu zuwa Sunderland da Middlesbrough da Hull da Rotherham, har ma'aikatar harkokin wajen Nijeriya ta fitar da gargaɗi ga 'yan ƙasarta. Da yawa daga garuruwan nan su ne masu hayar da ta fi sauƙi. Baƙar mace mai hijabi da ke tsaye ita kaɗai a tashar bas da ƙarfe tara na dare tana da dalilin saka wannan a lissafinta.

Sai dai hujjar ba ta kai mai ita Landan. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kimanin kashi 30 cikin ɗari a Birmingham da Bradford, sun kuma haura kashi 20 a Leicester da Manchester. Duk garuruwan nan suna da manyan asibitoci, da masallatai da mahauta da shagunan kayan abincin Afirka da majami'un 'yan Nijeriya, hayarsu kuma ba ta kamo ƙafar ta Landan ba. Gaskiya ne Musulmin can galibinsu asalinsu Pakistan da Bangaladash da Indiya ne, sai Somaliyawa da Larabawa. Mazhabar da ta fi yawa ba ta Malikiyya ba ce, kuma baƙar fata ba koyaushe take samun sakin fuska a sahu ba. Amma zangon Kumasi da Enid Schildkrout ta bayyana a 1978 shi ma haɗakar ƙabilu ne, Mosawa da Yarabawa da Wangarawa da Hausawa, baƙunta da addini da kasuwa suka haɗa su. Dangin da ke Landan kuma ba su ɓace ba, daga Birmingham jirgin ƙasa ba ya cika sa'a biyu, ga mai yini uku ko huɗu na hutu a mako kuwa zumunta a ƙafa take.

Hujjar da ta fi kusa da zuciyar manazarcin Hausa ita ce ta harshe: a zauna kusa da Hausawa don kada yara su tashi ba sa jin Hausa. Burin mai kyau ne, amma an ɗora shi a kan kwatancen da bai dace ba. Hausa ta rayu a Sabo da Nima saboda ita ce harshen titi da kasuwa da makaranta, har wanda ba Bahaushe ba dole ya koye ta in yana son ciniki. Babu unguwa ko ɗaya a Ingila da Hausa ke da wannan matsayi. Peckham, da ake kira ƙaramar Legas, Yarabanci ake ji a cikinta. Yaron da ya shiga makaranta a can Ingilishi zai kwaso cikin 'yan watanni, haɗuwa da wasu 'ya'yan Hausawa a taron suna ko Sallah kuma ba ta hana su yin wasansu da Ingilishi. Hausar da za ta tsira a bakinsa ita ce wadda yake ji a cikin gida, wajen cin abinci da wanka da faɗa da tatsuniyar kwanciya. Saboda haka sa'a ukun da uwa ke zubarwa a jirgi don ta zauna kusa da 'yan garinsu, daga lokacin da yaro zai ji Hausa aka yanke su. Gidan da ke tafiyar minti 20 daga asibiti ya fi yi wa harshen hidima.

Akwai kuma mijin, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba sai rigima ta tashi. Bizarsa ta ba shi damar yin aiki, amma takardun da ya zo da su ba lallai su yi masa amfani nan take ba, kuma ranakun da matarsa ke asibiti shi ne mai kai yara makaranta da ɗauko su, domin kuɗin raino na iya cinye abin da zai samo, barin ƙananan yara su kaɗai a gida kuwa na iya jawo hukumar kula da yara har ƙofa. Magidancin da ya bar shago ko ofis a Kaduna ya koma zaman jiran mata a garin da ba shi da majalisa, ba shi da sana'a, ba shi da sa'an hira, zamansa da ita ba zai daɗe da daɗi ba. Garin da za a zaɓa dole ya zama yana da aikin da zai yi, wannan ma wani dalili ne na fifita manyan garuruwan tsakiya da arewacin Ingila a kan ƙananan.

Abin da ke ɓata lissafin duka shi ne ɗaukar zaman a matsayin na wucin gadi. Bahaushe na cewa baƙo raɓa ne, kuma da wannan tunanin mutane ke cusa kansu a ɗaki ɗaya mai danshi, suna aika rabin albashi ana ɗora bulo a kan gidan da ba za su kwana a cikinsa ba sai mako uku a shekara. Aika kuɗi gida wajibi ne da ba a jayayya da shi, amma tsarin bizar da kansa ya nuna zaman mai tsawo ne. Shekara biyar ake yi kafin a nemi izinin zama na dindindin, a watan Mayun 2025 kuma gwamnatin Birtaniya ta gabatar da shawarar mayar da wa'adin shekara goma ga baƙi da yawa. Yarinyar da ta sauka tana aji ɗaya za ta gama firamare a wannan gidan, makarantar da za ta samu kuma galibi nisan gida ne ke yanke ta. Alhazan ƙafa da suka yada zango a Sudan su ma cewa suka yi wucewa za su yi, jikokinsu ne C. Bawa Yamba ya tarar a can ya rubuta littafinsa na 1995 a kansu.

Saboda haka tambayoyin da suka cancanci a yi wa asibiti tun kafin sa hannu ba su tsaya kan albashi ba, tunda shi a rubuce yake kuma ɗaya ne a ko'ina. A tambayi tsawon zaman ɗakin da za a ba ta, da ko asibitin zai rubuta wa mai gidan haya takardar da za ta maye gurbin lamuni, da adadin da za ta mayar in ta tafi kafin wa'adi, da ko za a riƙa juya ta tsakanin rassan da ke garuruwa daban-daban, domin hukumar asibiti ɗaya na iya riƙe da asibitoci biyu ko uku masu nisa da juna. Bayan sauka kuma, gidan da ta ga ya kwanta mata, kafin ta ba dillali ko fam ɗaya, ta gwada tafiya daga ƙofarsa zuwa ɗakin marasa lafiyar da aka ba ta, ranar Lahadi, da ƙarfe shida na safe.